Baƙo Ke Yin Sallama

Akwai wani shuuu da na ɗauka mun rabu da shi har abada, sai ga shi ya biyo ni har Kuala Lumpur, ya iske ni zaune kan darduma a saman wani dogon bene a unguwar Pantai Dalam. Gwiwa na zo a duba mini in koma gida, annobar korona ta rufe hanya, baƙon 'yan makonni ya zama ɗan gida. Daga taga nakan ga jirgin ƙasa yana wucewa da fitilunsa a kunne, babu ko mutum ɗaya a ciki, ya je ya dawo kamar wanda ya manta abin da aka aike shi. Shagon abincin da ke ƙasa, wanda suke kira mamak, ya kife kujerunsa a kan tebura, sai dai ka yi tapau, a ƙunsa maka abincinka ka yi gaba. Ladanin unguwa kuma in ya kira salla sai ya ƙara da cewa kowa ya yi a gidansa. A cikin wannan shirun ciwon ya shigo mana. Ya tsallake ni da furfurata, ya kama mai gidan, ɗana na fari, wanda ya zo ƙasar karatun digiri na uku. Motar asibiti ta tafi da shi, mu kuma aka ɗaura mana wani ɗan zare ruwan hoda a hannu, aka ce kada mu leƙa ko ƙofa.

Ba a zuwa dubiya. Abin da ya rage mana shi ne wata nas mai kirki da kan kara masa waya a kunne idan ta samu sarari. Matarsa Rukayya ta yi masa maganarta ta gama, ta durƙusa ta miƙo mini wayar da hannu biyu. Na kara a kunne. Ban ji komai ba sai shuuu na iskar da suka ɗaura masa a hanci da baki. Na yi shiru ina jiran gaisuwa. Can sai muryar nas ɗin ta ce, "Hello? Uncle? Tak dengar lah," wato ba ta jin kowa, ta kashe. Washegari ma haka aka yi. Rukayya ta karɓi wayar tana jujjuya ta, ta ce, "Baba, ina jin network ɗin ne." Sannan ta sunkuyar da kai ta faɗa mini abin da likita ya ce: idan numfashin bai daidaita ba za su sa shi barci su ɗora shi a kan inji, daga nan kuma babu sauran waya. Na san ba network ba ne. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

'Yan yanzu ba za su gane ba, don haka bari in faɗa. A gidan da na tashi uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya fara yi masa magana. Ɗa ne zai zo ya durƙusa ya gaida, uba ya amsa da guntun "lafiya" yana kallon wani wuri. Wannan kunya ce, ba ƙiyayya ba, kuma wallahi sau da yawa wanda ba a kiran sunansa shi ne a ƙahon zuci. Haka mahaifina ya yi da yayana, haka na yi da nawa. In zan yi zancensa sai in ce "yaron nan", har ya yi gemu ya haifi nasa. Shi ma bai taɓa kawo ƙara ba. Shi ke buɗe magana, ni in rufe, kuma a haka muka yi zamanmu lafiya. Yanzu ga shi an rufe masa baki da roba, ni kuma harshena bai san hanyar farawa ba.

Na jingina da bango, shuuu ɗin nan bai bar kunnena ba, sai ya ja ni ya kai ni wani ɗaki mai sanyi a wata jami'a ta Arewa, lokacin ina saurayi sabon aure, gashina baƙi wuluk, ina aikin kula da kwamfutoci. Ɗakinmu kaɗai ke da na'urar sanyaya wuri a duk ginin, saboda haka muka yi farin jinin da ba mu nema ba. Mutumin da bai san ka ba zai shigo gaishe ka da tsakar rana, ya tambayi iyali, ya tambayi iyalin iyali, har zufarsa ta bushe. Takalmi a bakin ƙofa ake cire shi kamar masallaci. Da sassafe ni ke buɗewa, in yi shara, in yaye wa kwamfutocin rigunan da matata ta ɗinka musu da ragowar atamfa, in duba man janareta, in goge tebur da tsumma mai laima don kada ƙura ta tashi. Na san muryar kowane abu a ɗakin: gurnanin na'urar sanyi, ƙugin kwamfutar in tana tashi daga barci, da na'urar buga takarda mai ƙara kamar keken ɗinki ana gobe Salla.

Amma sarauniyar muryoyin ita ce ta wani ɗan akwati mai jajayen fitilu da ake kira modem. Shi ke haɗa kwamfutarmu da wayar tarho. A zamanin ba a zaune a kan layi kamar yanzu. Malamai su zo su rubuta saƙonninsu, saƙonnin su taru a cikin kwamfutarmu kamar fasinjoji a tasha, sai bayan asuba, kafin ofisoshi su buɗe layi ya cushe, ta buga waya zuwa wata babbar kwamfuta a ƙasar Turai, ta miƙa namu ta karɓo nasu. Za ka ji tak-tak-tak tana juya lamba, sai shiru mai tsawo kamar kiran yana tsallaka ruwa da ƙafa, sai ƙararrawar wata ƙasa da ba irin tamu ba. Daga nan fito, siriri, wancan ya yi wannan ya amsa, sannan shuuu, kamar an zuba ruwa a kaskon tuya. In ka ji wannan shuuu ɗin, an gaisa ke nan. Nakan tsaya da tsintsiya a hannu ina saurare, ina ƙoƙarin hango ɗakin da ke can, ko su ma suna cire takalmi, ko dusar ƙanƙara na zuba a tagarsu. Ban taɓa ganin wurin ba, amma na fi shekara ina jin numfashinsa kowace safiya.

Shugabanmu Malam Barau ne, gajere mai faɗin kafaɗa, injiniyan da ya yi karatu a waje ya dawo bai bar goro ba. Yana da wata ɗabi'a: ba ya shiga ɗaki, ko da nasa ne, ko da ya san babu kowa, sai ya yi gyaran murya a bakin ƙofa. Mukan ji "ehem" ɗinsa tun daga matakala mu gyara zama. In abu ya lalace ba ya saurin ɗauko sukudireba. Sai ya ja kujera ya zauna ya ce, "Kunne ya girmi kaka. Ku bari mu ji ta bakinta tukuna." Yakan kuma ce na'ura ba ta ƙarya, sai dai ba ta faɗin gaskiya duka. Lokacin ina ɗaukar waɗannan a matsayin zancen manya da ake gyaɗa wa kai a wuce.

Wata safiya aka buga kamar kullum. Tak-tak-tak, ƙararrawa, fito, shuuu. Muka jira saƙonni su fara gangarowa, sai ƙit, layi ya yanke. Kwamfutar ta rubuta a fuskarta cewa ba a yarda mu shiga ba. Muka sake, haka. Washegari haka, jibi haka. Babu abin da ba mu zarga ba. Muka sake rubuta kalmar sirri harafi bayan harafi, ɗaya na karantawa ɗaya na bugawa. Muka canza igiya. Muka ce damina ce ta jiƙa wayoyi, muka jira rana ta buɗe, ba ta canza zani ba. Muka yi ta zarya ofishin masu tarho har suka turo mutum ya hau falwaya, ya sauko da sheƙar tsuntsu a hannu yana murmushin nasara, aka buga, ƙit. Muka rage gudun modem, muka ƙara, muka aro wani daga wani ofishi a cikin gari, na ɗauko shi a kan keke a naɗe cikin bargo kamar jariri. Duk kanwar ja ce. Abin haushin, hanyar da za mu tambayi mutanen can ko lafiya ita ce ta lalace. Lambarsu ɗaya muke da ita, in ka buga da kanka na'ura ce za ta yi maka fito a kunne. Wasiƙar gidan waya kuwa kafin ta je ta dawo an yi girbi.

Nan fa ɗakinmu ya koma zauren shari'a. Malamai su yi cirko-cirko a ƙofa, wannan yana jiran amsar neman gurbin karatu, wancan yana jiran labarin ɗan'uwansa. Wani babban malami ya buga tebur ya ce shi dama ya sani, Turawan nan sun gaji da mu ne suka rufe ƙofa, raini ne kawai. Da yawa suka yarda, ni ma har da ni, domin kalmar da kwamfutar ta rubuta ta yi kama da kora, kuma kora tana da ciwo ko daga na'ura ta fito. Wani ya ba da shawarar a kawo turare a yi hayaƙi. Malam Barau ya ce addu'a dai a yi ta, muna so, amma hayaƙi a bar shi a waje don faifan kwamfuta ba ya shiri da shi. Shugaban sashe kuma ya fara aiko da saƙon cewa in layin nan ba ya aiki a mayar masa da shi ofishinsa, dama ya daɗe da sa masa ido.

A tsakiyar wannan rigimar aka haifi yaron nan. Matata tana gidan iyayenta wankan jego, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ranar da labari ya iske ni na hau keke na tafi, zuciyata kamar ta riga ni isa. Da na kai zauren surukaina sai ƙafata ta tsaya. Daga ciki na jiyo kukansa, ƙarami, mai kaifi, da guɗar mata a kansa. Na daɗe a tsaye riƙe da keke ina saurare. Kunya ba ta bar ni na aika a ce na zo ba. Na juya na koma ɗakin sanyi, na zauna gaban akwatin da ba a amsa masa. Ranar suna ma a gefe na rakuɓe kamar ɗan rakiya, abokai na yi mini tsiya. Ban ji an zalunce ni ba, haka kowa ke yi. Na dai san kukan nan ya zauna mini a kunne tare da fiton modem, har na kasa raba su.

Ranar da abin ya warware, Malam Barau ya shigo da "ehem" ɗinsa, ya ce a kashe na'urar sanyi, a kashe fanka, kowa ya kama bakinsa. Ɗakin ya yi tsit har muna jin kurciya a kan rufi. Ya ce yau ba za a bar kwamfuta ta buga da kanta ba, shi zai buga da hannu ya ga abin da take gani. Ya buga. Fito, shuuu. Fuskar kwamfutar ta tsaya baƙa, babu ko harafi, sai ɗan ɗigon haske yana ƙiftawa. Mu mun koya wa tamu cewa in an gaisa ta jira, ta can za ta tambaye ta suna, sannan ta amsa. Haka aka saba tun farko. Muka zuba ido, tambaya ba ta zo ba. Ƙit. Malam Barau ya ɓare goro ya ce, "To, a cikinku wa ya ji an kore mu?" Ya ce, "Ni dai ban ji ba. Na ji mutum biyu sun tsaya suna kallon juna har lokaci ya ƙare."

Ya sake bugawa. Da shuuu ɗin ya zo sai ya gyara zama, ya yi gyaran muryarsa ta kullum kamar mai shirin shiga gida, sai kuma ya tsaya cak, ya dubi ƙofa, ya dube mu, dariya ta kama shi. Ya miƙa yatsa ya danna babban maɓallin nan na sauka layi sau ɗaya. Bai rubuta komai ba, dannawa ce kawai. Nan take haruffa suka fito: ana tambayar sunanmu. Ashe mutanen can sun canza kwamfuta ne, sabuwar kuma ba ta buɗe baki sai ta ji motsin mai kira, don ta gane da wane gudu zai yi magana. Tana can kullum tana ɗauka, tana kasa kunne, tana jiranmu. Malam Barau ya share hawayen dariya da hularsa ya ce, "Kun ga rashin tarbiyya? Mun je ƙofar mutane mun yi tsaye ƙerere muna jiran mai gida ya yi mana sallama. Baƙo ke yin sallama, ko da ya girmi mai gidan." A ranar muka ƙara wa kwamfutarmu umarni ɗaya, ta riƙa aika wannan dannawar kafin komai, kuma har aka daina amfani da ita sunan umarnin a ɗakinmu gyaran murya. Saƙonnin da suka taru suka yi ta zubowa har hantsi ya dubi ludayi, na'urar buga takarda na ta kuka, ina yankewa ina ninkewa, mutane na karɓa suna karantawa a tsaye a baranda, wani na dariya wani na share ido.

Da ɗaki ya watse Malam Barau ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ango, an ce ka yi ɗa. Ka gan shi kuwa?" Na sunkuyar da kai ina murmushi, na ce ai yana wajen kakanninsa. Ya ce, "Uhm," ya jefa goro a baki. Ni kuwa na ɗauki karatun ranar na adana shi a wajen aiki. Na yi shekaru ina koya wa na baya cewa in an ƙi karɓar kira kada su yi saurin cewa an kore su, su fara duba wa ke jiran wa. Na gyara layuka da yawa da wannan maganar, na ci abinci da ita.

Yanzu duk wannan ya wuce. Malam Barau ya daɗe da kwantawa dama, ɗakin an ce ya zama wurin ajiye tsofaffin kujeru. Jikata tana zaune a falo da allon gilashinta, ta shafa da yatsa sai ga malamarta da 'yan ajinsu, babu fito, babu jira. In na tsokane ta na ce amaryata ba ta gaishe ni ba, sai ta ce "boleh, boleh" wato "to, to" da yaren garin, ba tare da ta ɗago ba. Na'urorin yanzu ma suna gaisawa, an dai rufe musu murya ne don kada su dame mu. Shi ya sa in abu ya yanke ba wanda ya san a ina ya yanke, sai a ce network ne a ajiye waya. Mu da muka ji gaisuwar da kunnenmu mun san akwai layin da lafiyarsa ƙalau, shirun da ke kansa ne ya yi yawa. Ina kewar wancan zamani, ba don ya fi sauƙi ba, sai don komai nasa ana jin sa.

Ruwan la'asar na garin nan ya sauko kamar yadda ya saba, ya lulluɓe benayen da ke gabanmu har jirgin ƙasan ya ɓace. Na kira Rukayya na ce ta sake nemo mini nas ɗin. Ta ce, "Baba, ta ce tana busy sosai yau, amma bari in gwada." Ta yi ta roƙo da Turanci har aka yarda. Ta miƙo mini. Na kara a kunne. Shuuu. Shi ne dai, bai canza ba, an ɗauka ana saurare. Ni na buga, ni ne a bakin ƙofa. Sai na yi abin da na ga an yi: na yi gyaran murya. Sannan na ce, "Salamu alaikum." Harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba, na ce, "Yakubu."

Rukayya ta toshe bakinta da mayafi. Ba ta taɓa jin sunan a bakina ba, shi ma haka. Ta cikin shuuu ɗin na ji wani ɗan ƙwas, ƙwas, farce a bayan waya. Nas ɗin ta ce da sauri, "He hear you, uncle! Cakap, talk lah!" Wato in ci gaba. Ban shirya komai ba, sai na ba shi labarin ruwan da ake yi, da jirgin da ke yawo babu kowa, da 'yarsa da ta ƙi gaishe ni. Duk inda na tsaya sai in ji ƙwas, in ɗora. Daga nan na ce masa, "Ranar da aka haife ka na zo. Na tsaya a zaure na ji kukanka, ban shiga ba." Sannan na ce, "Yau na shigo, Yakubu. Ina nan, ba inda za ni."

Farcen ya buga, ya sake bugawa, ya yi ta bugawa bai tsaya ba. Wannan karon ba wanda ya kashe wayar.